Amsa ga Kawu kan muryar rigakafin nan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Kawu, da kai nake, kuma ka yi haƙuri, ka san ba raini ba ne.

Muryar nan da ka turo a zaurenmu na WhatsApp, wadda mutumin yake rantsuwa wai allurar mashaƙo dabara ce ta hana 'ya'yanmu haihuwa, sau biyu na saurare ta. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, sai dai "wani babban likita ya gaya min". Wane likita? A wane asibiti?

Ni ban ce tsoron nan ba shi da tushe ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a nan Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Wannan ya faru, har kotu aka je. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Na yarda da wannan.

To amma ku tuna abin da ya biyo baya. A 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka dakatar da rigakafin shan inna saboda irin wannan maganar ta hana haihuwa. Sai a Yulin 2004 aka dawo da shi, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka wasu ƙasashe. Yaron nan na bayan layinmu da yake murza kekensa da hannu, wanda kuke ba sadaka ranar Juma'a, a shekarun nan aka haife shi. A Fabrairun 2013 kuma aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a garin nan. Yaran da aka ɗiga wa maganin a 2004 ɗin, yau mu muke zuwa sunan 'ya'yansu. Ina hana haihuwar?

A 2003 ɗin ma babu WhatsApp, daga baki zuwa baki maganar ta bi. Yanzu kuwa kafin a idar da sallar Isha'i ta shiga waya dubu.

Abin da ya fi damuna wallahi shi ne mu kanmu. Don me muka buɗe zauren nan? Don kuɗin gyaran burtsatse da yasar kwata kafin damina. Tun da muryar nan ta shigo, wannan ya ce wa wancan ɗan koren Turawa, wancan ya ce masa jahili. Mutum biyu sun fice. Taron Asabar mu biyar kacal muka zauna, tabarma uku na shimfiɗa, biyu haka na naɗe su. Yaranmu kuma har yanzu suna bin 'yan garuwa da jarka, ga hadari ya fara haɗowa.

Kawu, littafin karo-karo a hannunka yake, kuma in ka kira mutane za su zo. Don Allah ka kira su Asabar bayan La'asar, a ƙofar masallaci. Ni zan roƙi ma'aikaciyar asibitin unguwa ta zo da kwalbar maganin a hannunta, duk mai tambaya ya yi mata ido da ido. Waɗanda suka fita kuma, ni zan bi su gida yau da yamma.