Jan ido da kwantsa ga yaro: yaushe ake zuwa asibiti?

Kin tambaya ko ya zama dole ki kai ɗanki mai shekara 2 wurin likita, tunda idonsa ya yi ja kuma yana tashi da kwantsa ta manne masa gashin ido. Galibin irin wannan ciwo, musamman wanda ke zuwa tare da mura, yana warkewa da kansa cikin mako 1 zuwa 2. Muddin yaron yana wasa, yana buɗe idon ba tare da kuka ba, ki riƙa goge kwantsar da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce, kowane ido da audugarsa, sannan ki wanke hannu.

Amma idan fatar idon ta kumbura ta yi ja, ko yana gudun haske, ko zazzaɓi da ƙuraje sun biyo baya, ko kika ga farin tabo a kan baƙin idon, to a ranar za ki kai shi. Haka ma idan kwantsar mai kauri ce kuma kwana 2 ko 3 ba sauƙi. Kada ki ɗiga masa nono ko ragowar maganin wani, domin wasu magungunan ɗigawa suna iya lalata ido.