Ruwan Famfonmu Ba Ya Kumfa, Ko In Sayi Injin Tacewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a wani ƙaramin gari kusa da Wamakko, ruwan famfonmu daga burtsatse ake turo shi. Sabulu ba ya kumfa, kuma wani farin abu kamar alli yana kama gindin butar shayi. Mai talla ya tsoma wata 'yar na'ura a ruwan ta nuna 420, ya ce guba muke sha, sai in sayi injin tace ruwa da ake kira RO. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Yankinku yana kan farin dutsen nan da ake yin siminti da shi a Kalambaina, ruwan ƙasa kuwa in ya ratsa shi yana narko sinadaran kalsiyam da magnesiyam. Su ke cinye sabulu, su ke zama allin buta idan an tafasa, su ne ma ke sa wake ya daɗe a wuta bai nuna ba. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya tsayar da su a miligiram 150 cikin lita, amma ko sun haura, wahalar tasu ta wanki ce da dafuwa, ba guba ba ce.

Na'urar mai tallan jimillar gishirin da ya narke a ruwa kaɗai take aunawa. Ba ta ganin ƙwayar cuta, ba ta kuma faɗin wane gishiri ne. Iyakar da aka sa miligiram 500 ce cikin lita, ke nan 420 ba ta kai ba. In kuma ya fito da wata mai sandunan ƙarfe ya jona wuta ruwan ya yi ja, tsatsar sandarsa ce, ba dattin ruwanki ba.

Ga buta, ki haɗa rabi ruwa rabi binega ko ruwan lemon tsami, ki tafasa, ki bar shi awa guda, ki ɗauraye sau biyu. Ga wanki, omo ya fi sabulun sanda jure irin wannan ruwa. In sabulun kike so, ki narka kanwa kamar cokali ɗaya a bokiti kafin ki sa shi.

Injin RO yana aiki, amma yana da ci. Ƙananan na gida kan zubar da kusan lita 3 kafin su ba da lita 1, suna buƙatar ƙarfin ruwa ko wutar da za ta tura famfonsu, ana sauya matatan gaba duk wata 6, kuma ruwa irin naku yana saurin toshe babbar matatar. Inda ya cancanci kuɗinsa shi ne in sinadarin fulorayid ya wuce miligiram 1.5 a lita, ko sinadarin naitiret ya wuce 50. Waɗannan ba su da ɗanɗano, tafasawa ma ƙara musu ƙarfi take yi. Fulorayid ne ya lanƙwasa ƙasusuwan yara a Tibiri ta Maraɗi, shi ke rina haƙora a Kaltungo. Naitiret kuwa daga masai da taki yake shiga, jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ya fi cutarwa. Don haka ki fara kai ruwan gwaji, wurin hukumar ruwa ta jiha ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'a. Ki bar famfo ya zuba minti 3, ki cika kwalba mai tsabta ta lita ɗaya. Na gwajin ƙwayoyin cuta, su za su ba ki kwalbar, a sa ta cikin ƙanƙara a kai kafin awa 6.

Tambaya: Mu sau biyu a mako ake kawo ruwa, ranar da ya zo kuma da laka yake zuwa. Matatar ruwa mai kyandirin yumɓu zan saya ko maganin kulorin?

Amsa: Malam, wannan ya fi na sama hatsari. Bututu in ya kwana babu ruwa, yakan zuƙo ruwan kwata ta inda ya tsage. Na farkon da ya zo a yi ban-ruwan shuka da shi. Sauran a sa ɗan alif a motsa, in lakar ta kwanta a tsiyaye, sannan a jefa ƙwayar kulorin ta Aquatabs mai miligiram 67 a jarka mai lita 20, a jira minti 30. Kada a juya tsarin, domin laka tana cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta.

In da hali ka haɗa da matatar, kulorin a bayanta. Kyandirin ana goge shi da burushi da ruwa zalla, ba a sa sabulu, wanda ya tsage ko kaɗan kuma a yar da shi. Amma in ruwan garau yake zuwa sai ya kwana a baho ya yi ja, wannan sinadarin ƙarfe ne, ba laka ba: a sheƙa shi daga bokiti zuwa bokiti ya sha iska, a bar shi ya kwana, da safe a tsiyaye.