Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan surukarta 'yar China

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce mijinki ɗan asalin China ne da ya tashi a Kanada, mahaifiyarsa ba ta taɓa yaba masa ba, tana faɗa in an rage shinkafa a kwano, shi kuma duk ranar da ya ziyarce ta sai ya dawo ya yi jugum. Aikina kula da tsofaffi ne a Scarborough, cikin Toronto, kuma da yawansu 'yan China ne, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ki fara binciko shekarar da aka haife ta da kuma garinsu. In wajen 1950 ne a cikin China, tana yarinya aka yi yunwar 1959 zuwa 1961 a zamanin shugaban China Mao Zedong, wadda ta ci rayukan miliyoyin mutane, har ɓawon itace aka ci. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga Juyin Al'adu, 1966 zuwa 1976. Aka rufe makarantu, aka tura matasan birni kusan miliyan 17 ƙauyuka su yi noma, aka sa 'ya'ya suna tona asirin iyayensu a bainar jama'a. Wanda ya ga an wulaƙanta malaminsa a titi saboda magana ɗaya, ya koyi kame bakinsa har a ɗakin kwanansa. Sai 1977 aka dawo da jarrabawar shiga jami'a, kuma ita ce ta fitar da wasu daga ƙangi. To in ɗanta ya ci maki 95 cikin 100 a jarrabawa ta tambayi ina sauran biyar, tsoro ne ke magana, domin a idonta maki shi ne tsira.

Waɗanda kakanninsu suka zo tun da daɗewa kuwa nasu daban ne. Kanada ta ɗora wa 'yan China harajin shiga ƙasa a 1885, ya kai dala 500 a 1903, daga 1923 zuwa 1947 kuma ta kusan rufe musu ƙofa baki ɗaya. Maza sun tsufa a nan, matansu da 'ya'yansu suna can.

Abin da ya fi taɓa ni a wurin aiki shi ne tsofaffin da mantuwa ta kama. Akwai wadda nake samun burodi ƙarƙashin matashinta kusan kullum. 'Yarta, mace babba mai digiri, ta tsaya tana kuka, ta ce ba ta taɓa sanin uwarta ta yi yunwa ba. Ba a faɗa musu komai, nauyin kawai ake sauke musu. Su 'ya'yan sun tashi da Turanci, iyayen da harsunan China, Cantonese ko Mandarin, babu ma harshen da za su yi wannan hirar da shi.

Ƙauna tana nan, sai dai ba ta baki ba. Ki lura da lemon da take ɓarewa ta tura masa bayan faɗa. Mu ma mun san uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari, alhali shi ne ranta.

Amma kada wannan ya sa ki ce wa mijinki ya yi haƙuri kawai. Ciwonsa gaskiya ne, sanin tarihin bai goge shi ba. Ku nemi mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ya san iyalan China, akwai su a Toronto da Vancouver. Ita kuma kada ki tambaye ta kai tsaye abin da ya faru. Ki roƙe ta ta koya miki girkin garinsu, ki bar ta ta yi magana a lokacin da ta so. In ta fara auna jikokinta da maki, nan kam mijinki ne zai taka mata birki, cikin ladabi, ba ke ba.