Amsa ga ɗan uwan da ya gaji da Mario da Tank

Assalamu alaikum. Malam, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na wuce, na kwanta, amma abin ya ƙi barina, sai da na dawo. Ka ce ka zuba tsofaffin gem sun fi dubu a waya, kullum sai ka yi ta ja sama ja ƙasa, ƙarshe ka koma Mario ko Contra ko Tank. Kana tambaya yadda ake gano masu daɗin da ba a maganarsu, da kuma ko ka sayi na'ura ta ainihi. Har ka ce a gida dariya ake maka. Ɗan uwa, ai ni ka zana. Ni uwargida cewa take gemu ya fito amma gem ya ƙi fita. Na daina ba ta amsa.

Ka daina ganin laifin kanka. Kaset ɗin nan mai 999999 in 1 shi ya cuce mu gaba ɗaya. Gem goma ne ko sha biyu aka yi ta canza musu suna da launi, mu kuma muka tashi muna zaton iyakar duniyar ke nan. Masu haɗa su ƙananan gem suke zaɓa, na farkon zamanin Famicom, na'urar Nintendo da ake sa wa irin kaset ɗin nan, don su ne marasa nauyi da za su shiga kaset ɗaya. Battle City da muke kira Tank na 1985 ne. Na'urar kanta 1983 ta fito a Japan. To duk abin da aka yi a 1991 da 1992, lokacin da masu yin gem suka gama sanin cikin na'urar kamar yunwar cikinsu, yawancinmu bai iso gare mu ba. Su kansu Turawan ba su saya sosai ba, don a lokacin hankalin kowa ya koma kan Super Nintendo da Sega.

Saboda haka ka duba shekarar da gem ya fito. Wanda ya zo a ƙarshen rayuwar na'ura, fara da shi. Nemi Little Samson na Taito, 1992. Mutum huɗu kake juyawa a tsakaninsu ana cikin wasa: yaro mai hawan bango, dodo mai fukafukai da ke tashi, wani ƙaton dutse da ke taka ƙaya ba ta yi masa komai, da ɗan ɓera mai dasa bam yana shiga lungun da kowa ba ya shiga. Ranar da na fara buga shi sai da na tsaya na duba ko da gaske na Famicom ne. Kada ma ka yi mafarkin sayen kaset ɗinsa na asali, kuɗinsa a waje ya wuce hankali. Akwai kuma Gimmick! na Sunsoft, shi ma 1992. Kada ɗan koren halittar nan ya ruɗe ka ka ce na yara ne, zai sa ka jefar da hannun gem. Tauraro yake jefawa, tauraron ya yi tsalle, kai kuma dole ka koyi hawa kansa. Japan kawai ya fito sai wani yanki na arewacin Turai, shi ya sa ba mu san shi ba. Sun sake fitar da shi a 2023.

Amma maganar sayen ta ainihi, nan ne zuciyata ta sosu, don ni abin ya ci ni.

Shekarun baya ina yawan zagawa wurin masu kayan Beljiyam, irin waɗanda ake sauke musu buhun tarkace, rimot da caja da wayoyi duk a cakuɗe. Wata rana na tsinci baƙin kaset ɗin Sega a ƙasan buhu, takardar jikinsa ta ɗan yage, an rubuta The Story of Thor. Ban taɓa jin sunan ba. Mai shagon ma bai san mene ne ba, ya ce in ba da abin da ya sauƙaƙa. Na kai gida na goge bakinsa na sa. Malam, ban yi barci ba ranar. Yaron da kake bugawa yarima ne, sunansa Ali. Ya tono wani awarwaron zinare, da shi yake kiran aljanu huɗu. In ka haska shi a ruwa, aljanar ruwa ta fito tana maka magani. In ka haska a wuta, Ifritu ya fito yana naushi. Na madubi daban, na tsiro daban. Makamanka karyewa suke in ka cika amfani da su, sai 'yar wuƙar da ka fara da ita ce kawai ba ta ƙarewa. Na ce yanzu duk shekarun da muka yi a gidan gem muna layin Mortal Kombat, akwai gem mai Ali da Ifritu a na'urar nan, ba wanda ya gaya mana? Daga baya na gane Yuzo Koshiro ne ya yi kiɗansa, wanda ya yi na Streets of Rage, kuma kamfaninsu na gida, Ancient, shi ya yi gem ɗin.

A cikin kaset ɗin akwai ajiyar wasan mai shi na farko, wani yaro a Turai da ban san shi ba, ya kusa ƙarshe ya tsaya. Ban taɓa goge ta ba. Na buɗe tawa a gefe. Wata kusan uku ina bi a hankali, bayan isha'i, in an kawo wuta. Ɗana na fari yana zaune kusa da ni yana nuna min inda ruwa yake in kira aljanar.

Sai na karanta cewa irin kaset ɗin nan ƙaramin batir ne a ciki yake riƙe ajiya, mai kamar kwabo, CR2032, kuma in ya mutu komai ya tafi. Tsoro ya kama ni. Ba ni da sukudireban da ke kwance notinsa, don wani iri ne daban. Na ɗauka na kai wa wani mai gyaran rediyo da talabijin da na daɗe da sani. Mutumin nan tare muke sallar Juma'a. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce batir kawai za a canza, kada a taɓa komai. Ya juya kaset ɗin a hannu, ya dube shi ya fi yadda ya kamata, ya ce in dawo gobe. Na dawo, ya ce jibi. Na dawo, yaronsa ya ce ya tafi ta'aziyya. Sati biyu ina sintiri kamar ni ake bi bashi. Ranar da ya ba ni, tun a hannu na ji ya yi shafal, ba nauyin da na sani. Ban kawo komai a raina ba, har godiya na yi, har na ƙara masa ɗari biyu ta shan ruwa. Wannan ɗari biyun ita ta fi ci min rai har yau.

Na isa gida na sa. Gem ya tashi. Ajiyata babu, ta yaron Turai babu. Na ce to, ƙila wajen cire batir ne, na haƙura. Na fara daga farko, na yi awa biyu, na ajiye, na kashe, na kunna. Wayam. Na sake, wayam. Na aro sukudireba na buɗe. Fanel ɗin ciki wani siririn abu ne sabo fil, da ɗigon baƙin abu kamar kwalta a tsakiya, ko gurbin batir babu. Ya cire na asali ya sa min ɗan jabu a cikin kwanson nawa. Na koma da safe. Mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce haka ya gan shi. Ya rantse. Ya ce Alhaji, kai da girmanka a kan abin wasan yara za ka ɗaga murya a kasuwa? Maƙwabtansa suka taru suna ba ni haƙuri suna murmushi, irin murmushin da ka san da ka juya baya za a fashe da dariya. Wani dattijo ya ce in je in sayi sabo mana. Wa zan yi wa bayani? In ce 1994 aka yi shi, an daina? Na tsaya da kwanson a hannu kamar wawa. Da na koma gida ɗana ya tambaye ni ina Ali ya tsaya, na ce masa ya koma gida. Na bar mutumin da Allah, amma har yau in na hango shi a masallaci sai in canza sahu, Allah Ya yafe min.

To kada ka ba kowa kaset ɗinka ya kwana. Kowa. Sayi sukudireban da kanka, koyi liƙa dalma, ba wani abu ba ne. Kuma ka sani da ka cire tsohon batir ajiyar za ta iya tafiya ko da hannun kirki ne ya yi aikin, gara ka canza shi tun kafin ka fara wasa. In za ka saya, ka ce a buɗe a gabanka. Wanda ya ƙi, ka yi gaba.

Wuta kuma. In na'urar ta Japan ce ko ta Amurka, adaftarta ta wuta 100 ce ko 120, tamu kuwa ta ninka haka. Ka soka kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Kuma kada ka ce ai bakin ya shiga. Adaftar NES ta asali, wato Famicom ɗin Amurka da Turai, in ka sa wa Famicom ta Japan ko Sega za ta iya ƙona ta, don irin wutar da take fitarwa daban ce. Sannan in kana son gem ɗin harbin agwagi, nemi talabijin mai ƙeya, bindigar ba ta aiki da na bango. Ni tawa wurin 'yan gwangwan na ƙwato ta ana shirin fasawa.

Ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka tukuna. Wayar nan ta ishe ka, ka sayi hannu kawai, don danna gilashi yana kashe daɗin gem. Amma goge dubun nan. Da gaske nake. Bar biyar. Yawa ne yake hana ka zaɓe. Da can kaset ɗaya muke da shi, mu buga shi har mu haddace inda kowane maƙiyi zai ɓullo. Duk wanda ka ɗauka ka ba shi kwana uku kafin ka yanke masa hukunci, don wasu sai ka wuce matakin farko suke buɗe ciki.

Wani abin da ya taimake ni shi ne bin sunan kamfani. In gem ya yi maka daɗi, tsaya ka karanta sunan da ke fitowa a farko. Haka na gano Treasure, waɗanda tsofaffin ma'aikatan Konami ne, kamfanin da ya yi Contra, suka fita suka kafa nasu a 1992. Tunda kai ɗan Contra ne, Gunstar Heroes na 1993 zai ɗauke maka hankali, mutum biyu ake yi, kana haɗa bindiga biyu ta zama wata sabuwa. In kana ji da kanka ka gwada Alien Soldier, ni dai ya fi ƙarfina, ban ɓoye ba. Natsume kuma su suka yi Shatterhand da Shadow of the Ninja. Akwai Ristar na Sega, 1995, mai miƙa hannu ya cafko maƙiyi ya yi masa karo. Shi ma latti ya zo, Saturn, sabuwar na'urar Sega a lokacin, ta riga ta fito a Japan.

Ka kula da masu bidiyon YouTube, yawancinsu 'yan Amurka ne, abin da ya fito ƙasarsu suka fi sani. Terranigma bai taɓa fita a Amurka ba, Japan 1995 sai Turai 1996, ga shi kuwa yana cikin mafi kyawun abin da na buga a Super Nintendo, yaro ne yake tayar da nahiyoyin duniya ɗaya bayan ɗaya. Sunaye ma suna canzawa. Mega Drive ɗinmu, wato na'urar da muke kira Sega, su Genesis suke ce mata. The Story of Thor ɗin da na gama kuka a kansa su Beyond Oasis suke kiransa, na yi wata guda ina nema da sunan da na sani ina ganin abu kaɗan. Ka riƙa nema da suna biyu. The Story of Thor ɗin yana cikin ƙaramar Mega Drive Mini da Sega ta fitar a 2019, tare da Gunstar Heroes, in ka samu ta gaske, don ita ma jabunta sun cika gari.

Na gama shi daga baya a waya, ni kaɗai, yaron ya riga ya koma ƙwallo. Kwanson yana nan a durowa. In akwai wanda ya ci karo da kaset ɗin a cikinku, ko takardarsa ta yage, ko ba ya tashi, don Allah ya taɓa ni ta akwati. Fanel ɗin kawai nake so.