Tambaya da Amsa: Dutsen da Ya Faɗo daga Sama

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Samaru. Malaminmu ya ce duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya sun canza ilimin kimiyya. Me dutse zai koya wa mutum?

Amsa: Ɗalibi, ba sai mun kai ka nesa ba. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da Zagami a ƙasar Katsina, dab da wani manomi da ke korar hankaki a gonarsa. Aka haƙo shi, aka kai wa hukumar binciken ƙasa a Kaduna. Sai bayan shekara talatin da 'yan kai, a 1995, masana suka auna iskar da ta maƙale cikin wasu ƙananan aljifan gilashi a jikinsa, suka ga ta yi daidai da iskar duniyar Mars wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a 1976. Ma'ana, ɓallin Mars ne ya sauka a gonar Bakatsine. Ya daskare daga narkakken dutse kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, kuma wannan ya nuna cewa aman wuta bai mutu da wuri a Mars ba. Har yau ba kumbon da ya dawo da dutse daga can, don haka irin su Zagami ne kaɗai ake iya yankawa a ɗakin gwaji.

Shekarun duniyarmu ma daga duwatsun sama aka samo su. Duwatsun ƙasa sun sha narkewa da zaizaya, tarihin farko ya goge a jikinsu. Na sama kuwa yawancinsu suna nan kusan yadda suke tun farko. A 1956 masani Clair Patterson ya auna nau'o'in dalma a cikinsu ya fitar da shekara biliyan 4.55, lissafin da bai motsa sosai ba har yanzu. Dutsen Murchison da ya faɗo a Ostareliya a 1969 an samu sinadaran amino a cikinsa, irin tubalan da ake gina furotin da su. A 1980 kuma masani Luis Alvarez da abokan aikinsa suka ga sinadarin iridiyam ya yi yawa a wani siririn layin yumɓu a Italiya, alhali ƙasa ba ta da shi sosai sai duwatsun sama. Daga nan aka gano cewa wani ƙaton dutse ya daki duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da dabbobin dainoso suka ƙare.

Tambaya: Manomi ne ni a wajen Giwa. Na tsinci baƙin dutse mai nauyi, maganaɗisu na kama shi. Maƙwabta sun ce gatarin aradu ne, wasu sun ce kuɗi ne. Yaya zan yi?

Amsa: Baba, a yi haƙuri, mafi yawan irin wannan tsintuwa ba daga sama take ba. Gatarin aradu dai gatarin dutse ne wanda mutanen zamanin dā suka sassaƙa, za ku ga bakinsa a goge. Abubuwan da suka fi ruɗar mutane a ƙasar Zazzau su ne tama, marmara da kashin maƙera na tsoffin wuraren narka ƙarfe, kuma a cikinsu akwai waɗanda maganaɗisu ke kamawa.

Ku fara duba jikinsa. In yana da ƙananan ramuka kamar soso, kashin maƙera ne. Dutsen sama yana da siririn ɓawo baƙi, kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba, wanda zafin shigowa ya toya, cikinsa kuma sau da yawa ya fi haske. Sai ku goga gefensa a bayan tayil, inda ba sheƙi. Ja ko baƙin zane mai ƙarfi alamar tama ce. Sannan a auna ɗan ɓallinsa da giram, a tsoma ɓallin kawai cikin kofin awo a ga mililita nawa ruwa ya hau, a raba nauyin ɓallin da wannan adadi. Dutsen Kufena da ire-irensa suna ba da wajen 2.7, dutsen sama na gama-gari 3 zuwa 3.7, na ƙarfe zalla 7 zuwa 8.

In ya tsallake waɗannan, ku daina taɓa shi. Kada a wanke, kada a shafa mai, domin ruwa na sa ƙarfen ciki tsatsa. A daina manna masa babban maganaɗisu, yana goge bayanan da masana ke karantawa. A naɗe shi a busasshiyar leda, a rubuta rana da ainihin wurin, a kai sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello. Kafin a yi masa rajistar duniya sai an ajiye giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari nasa, wanda ya fi ƙanƙanta, a wata cibiyar bincike. Batun kuɗi gaskiya ne, wani dutsen Mars da aka tsinta a yankin Agadas an sayar da shi sama da dala miliyan 5 a 2025, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Amma wanda ba a gwada ba dillali zai saya da kuɗin tsakuwa.

Tambaya: Malama ce ni a Tudun Wada. Gaskiya ne ana samun ƙurar samaniya a kan rufi? Ina so in nuna wa ɗalibaina.

Amsa: Gaskiya ne, Malama. Wani bincike da aka yi a ƙanƙarar Antatika, aka wallafa a 2021, ya ƙiyasta tan 5,200 na wannan ƙura ke sauka duniya duk shekara. Ki kwashi tarin dattin indararo ko magudanar rufin kwano, ki wanke, ki shanya, ki tace ki riƙe ƙwayoyin da ke tsakanin milimita 0.2 da 0.4. Sa maganaɗisu cikin leda ki bi ta kansu, sannan ki zare ledar a kan farar takarda, a duba da madubin ƙara girma na ɗakin gwaji. Ana neman ƙwayoyi masu kama da ƙwallo. Matsalar ita ce tartsatsin walda ma haka yake daskarewa, kuma hazon hunturu daga busasshen kwarin Bodele na Chadi yana binne komai. Ki zaɓi rufin da ke nesa da masu walda, ki kwasa a ƙarshen damina, ki kuma gaya wa yaran tun farko cewa tabbatarwa sai an auna sinadaran ƙwayar.