Wane Irin Piyano Ya Kamata Mai Jagorantar Kwayar Makaranta Ya Iya?

Tambaya: Ina koyar da kiɗa da waƙa a wata kwalejin horar da malamai. Ɗalibaina za su fita su riƙe ƙungiyoyin mawaƙa, wato kwaya, a firamare da sakandare, amma zango biyu kacal nake da su a ajin piyano, kibod kuwa, wato ƙaramin piyano na lantarki, huɗu ne ga aji guda. Me zan sa a gaba? Daga wani malami a Filato.

Amsa: Malam, ka cire ran fitar da gwanayen da za su hau dandamali su yi kiɗa su kaɗai. Zango biyu ba zai kai ka can ba, kuma ba shi ne aikin da ke jiransu ba. Mai kwaya yana taɓa piyano ne don ya ba yara sautin farawa, ya koya wa kowace murya layinta, ya tallafe su idan sun fara zamewa.

Fara da layin muryoyi. A rubutun kwaya, muryoyi huɗu, daga mafi siranta zuwa mafi kauri, wato sofrano da alto da teno da bes, sau da yawa kowanne da layinsa, ido sai ya yi ta hawa da sauka. Kada ka nemi huɗun a tashi ɗaya. Ɗalibi ya kaɗa murya ɗaya tsaf, sannan biyu, kuma ka riƙa canja haɗin: yau sofrano da bes, gobe alto da teno. Alto da teno ne suka fi ɓacewa wajen gwaji, don waƙar da kunne ya sani tana bakin sofrano. In ya iya kaɗa layi ɗaya yana rera wani da bakinsa, to, ya kama hanya.

Yawancin ɗalibanka, musamman waɗanda suka taso a kwayar coci, sun san do-re-mi, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19. Kada ka raina wannan. Da shi za ka shigar da kod uku (kod shi ne sautuka da ake dannawa tare), na do da na fa da na so, waɗanda ke ɗaukar waƙoƙin yara masu ɗimbin yawa. Hagu ta riƙe kod, dama ta bi waƙa. Su fara a ki na C da F da G (ki shi ne sautin da aka kafa do a kai), daga baya D da B-filat da E-filat.

A nan sauya ki, wato ɗaga waƙa ko sauke ta don ta dace da muryar mawaƙa, ke shigowa, kuma a ganina ya fi komai amfani. Muryar yaran firamare ta fi sakewa daga C na tsakiya zuwa wajen D na sama, samarin sakandare kuwa muryarsu na fashewa, abin da suka rera a zangon farko sai ya gagare su a na uku. Na san kibod ɗin Yamaha da Casio suna da maɓallin da ke ɗaga ki ko ya sauke shi. A yi amfani da shi ranar taro, ba laifi, amma a aji ka hana, domin wata makarantar tsohon piyano ne kawai a zaure.

Kibod huɗu ba matsala ba ce sosai. Mai maɓalli 61 ya wadatar, ba sai na 88 ba. Sanya mutum biyu a kowanne, sauran su zama 'yan kwaya, a riƙa juyawa. Mai kiɗa ya tsaya a tsaye, idonsa kan mawaƙa, ya shigar da su da kai ko da hannu ɗaya. Doka guda: in yatsa ya kuskure, ba tsayawa, ba komawa baya. Ya saki hannun dama in ta kama, ya riƙe bes da bugu, tunda yara arba'in ba za su jira shi ba.

Jarrabawarka ma ta bi wannan salon. Ba shi waƙar da bai taɓa gani ba da minti goma na shiri, ya ba kowace murya sautin farawa, ya koya wa alto layinsu, sannan ka ce ya sauke waƙar da sauti ɗaya ya raka aji har ƙarshe.