Me ya sa masu kira ke katse layi kafin su ga menu na BBS ɗina?

Tambaya: Malam, na kafa BBS (allon saƙonni na kwamfuta da ake shiga ta kiran waya) da manhajar Mystic, na haɗa mata modem (na'urar haɗa kwamfuta da layin waya) mai gudun bit 2400 a daƙiƙa. Kwana uku na yi ina zana shafin maraba da launuka, amma duk wanda ya kira sai ya katse kafin ya kai ga menu. Ko modem ɗin ne ya lalace?

Amsa: Modem ɗinka lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa. Zanenka ne ke korar baƙi.

A gudun 2400, kowane harafi na cin bit 10, wato haruffa 240 ke wucewa a daƙiƙa. Allo mai layi 24, kowane layi gurbi 80, haruffa 1,920 ke nan: daƙiƙa 8 cur, tun ba a sa launi ba. Kowane canjin launi na ANSI (tsarin umarnin da ke sa launi a allo) kuma yana cin haruffa biyar zuwa goma da ido ba ya gani. In zanen na sauya launi bini-bini, mai kira zai share rabin minti yana kallon allo na saukowa layi-layi kamar ana warware tabarma.

Wannan tunani na cewa ƙawa ita ce tsari, kullum sai na ci karo da shi, kuma na gaji. Masu koyarwa a bidiyo ne ke yaɗa shi. Mutum ya gwada BBS ɗinsa ta telnet, wato ta intanet ba ta layin waya ba, komai ya bayyana nan take, ya fito yana ba da fatawa, alhali bai taɓa jin kukan modem ba! Lokacin da Ward Christensen da Randy Suess suka buɗe CBBS, BBS na farko, a Shikago a 1978, rubutu ne zalla, don a gudun 300 haruffa 30 kacal ake samu a daƙiƙa. Mutanen wancan zamani ba rashin basirar zane ke damunsu ba. Sun san layin waya ɗaya ne, wani na jira, mai kira daga nesa kuma kuɗi yake ƙonawa kowane minti.

Ka rage shafin maraba zuwa layi biyar ko shida, ka bari a iya tsallake shi. Umarni ya zama harafi ɗaya, ba sai an danna Enter ba, tsofaffin hannu kuma su iya ɓoye menu gaba ɗaya. In da Hausa za ka rubuta, CP437, jerin haruffan da allon BBS ke amfani da shi, ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka haƙura da k, d, b. Sannan ka saita SyncTERM, manhajar shiga BBS, a gudun 2400, ka kira kanka, agogo a hannu.